Keke mai ƙafa uku, kujera mai taya ko sanduna: wanne ya dace da ɗalibi mai lalurar ƙafa?

Ranar da sunan yaro mai lalurar ƙafa ya fito cikin waɗanda suka sami gurbin jami'a, murnar gida ba ta nisa sai lissafi ya shigo: da me zai riƙa zirga-zirga? A sakandaren unguwa wataƙila sanduna sun wadatar, ko ƙaninsa ne ke goya shi a keke. Jami'a ba haka take ba. Duk wanda ya san sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, ko Samaru ta Ahmadu Bello a Zariya, ko mazaunin dindindin na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya san tsakanin ɗakin kwana da ɗakin lacca tafiya ce sosai, kuma a wuni guda ana iya yin ta sau uku ko huɗu cikin rana tsaka.

Wani abin da ke rikita zancen shi ne suna ɗaya muke kiran abubuwa biyu da shi. Keken guragu na iya zama mai ƙafa ukun nan da ake murza wa feda da hannu, yana kuma iya zama kujera mai taya da ake turawa. Aikinsu ya sha bamban. Ma'aikatan okufeshonal terafi, wato masu daidaita mutum da ayyukansa na yau da kullum, ba sa fara tambayar wanne ya fi kyau. Jikin da zai hau suke fara dubawa, sannan hanyar da zai bi daga asuba zuwa dare.

Tambayar da ke gaba da kowace: yana jin taɓi a mazaunansa?

Amsar wannan ita ke raba ɗalibai gida biyu. Shan inna na kashe ƙarfin tsoka, amma ba ta taɓa jijiyoyin ji. Wanda ta shafa, idan ya daɗe zaune a kan katako, zafi zai sa ya gyara zama da kansa. Wanda ya sami rauni a laka, a haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya, ko aka haife shi da tsaguwar ƙashin baya, sau da yawa ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Jini na iya yankewa a fatar da ke ƙarƙashin ƙasusuwan zama tsawon awa biyu bai sani ba, daga nan gyambo ke farawa. Gyambon zama kuwa kan cinye zangon karatu guda a kwance, idan ya ruɓe har rai yana ɗauka.

Masu shan inna su ma akwai nasu lissafin. A 2006 kaɗai an samu yara sama da 1,000 da cutar ta kama a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. An ga ƙwayar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020, amma yaran da cutar ta kama a wajajen 2006 su ne samari da 'yan matan da ke cike fom ɗin jami'a yanzu. Bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwa, mutum 25 zuwa 40 cikin 100 kan fuskanci sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi, saboda 'yan jijiyoyin da suka rage sun daɗe suna ɗauke da aikin waɗanda suka mutu. Don haka tunanin cewa yawan wahalar da ƙafa shi ke ƙara mata ƙarfi kuskure ne a nan. Ƙarfin da ya rage jari ne, tattalinsa ake yi.

Sanduna da takalmin ƙarfe

Babu abin da ya kai sanduna shiga ko'ina. Suna hawa bene, suna shiga banɗaki, suna shiga Adaidaita Sahu, ana jingine su a bakin masallaci. Su ne mafi araha, kuma mutum yana tsaye yana magana da abokansa ido cikin ido, abin da matasa da yawa ba sa son rabuwa da shi.

Kuɗinsu a jiki ake biya. Tafiyar da ake kafa sanduna biyu a wurga jiki gaba tana cin ƙarfi nesa ba kusa ba fiye da tafiyar ƙafa, kuma duk nauyin yana sauka ne a wuyan hannu da kafaɗa, gaɓoɓin da ba a halitta su don ɗaukar gangar jiki ba. Ɗalibin da ya yi rabin kilomita a haka zai isa lacca jiƙe da gumi, hannu na rawa, rubutun minti goman farko ba ya karantuwa.

Mafi yawan matsalar sanduna daga awo take. Ta hammata, idan mutum ya tsaya da takalminsa, kan sandar ya tsaya ƙasa da hammata da yatsa biyu zuwa uku, kusan santimita 5. Mariƙin ya zo daidai layin wuyan hannu idan hannu na rataye, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa, kamar digiri 20 zuwa 30. Nauyi a tafin hannu yake zama, ba a hammata ba. Masu rataya jikinsu a kan sanda suna danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, wata rana a tashi hannu ya saki, biro ma ya gagara riƙewa. Ga wanda zai yi shekaru da sanda, mai zobe a damtsen hannu ta fi: zoben ya tsaya santimita 3 zuwa 5 ƙasa da gwiwar hannu, kuma ana iya sakin mariƙi a buɗe ƙofa sandar ba ta faɗi ba. Sai dai tana neman ƙarfin hannu da daidaiton gangar jiki fiye da ta hammata.

A riƙa duba robar ƙasan sanda duk mako. Da zarar zanenta ya shafe, tayil mai ruwa, musamman wajen alwala, zai kayar da mutum. A matakala, ƙafa mai ƙarfi ke fara hawa. Wajen sauka sanduna da ƙafa mai rauni ke fara sauka. Littattafai a jakar goyo mai igiya biyu, ba ta rataye a kafaɗa ɗaya ba. Takalmin ƙarfe kuma ba a gadonsa, ba a aronsa. Wanda aka auna wa yaro yana ɗan shekara 14 ba zai yi masa daidai a 19 ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano na cikin wuraren da ake yin wannan awo, kuma idan ƙafa ɗaya ta fi guntu a nan ake ƙara wa takalmi tudu don kada ƙugu da baya su karkace.

Keke mai ƙafa uku

A kan hanya, wannan ba shi da abokin karawa. Murza feda da hannu ya fi tura taya sauƙi a jiki, domin hannu na aiki a duk zagayen, turawa da jawowa, tsokar ƙirji da ta baya na raba aikin, maimakon gajeren bugun da ake maimaitawa a kujera. Manyan tayoyinsa na ratsa yashi da tsakuwa da taɓon damina. Yana da wurin ajiye jaka, har galan ɗin ruwa. Sannan kayan keke ne zalla: kaca, firiwil, boris, tif, birki. Duk mai gyaran keke a bakin ƙofar makaranta zai iya da shi, mai faci ma haka. A Kano masu shan inna da kansu suke ƙera shi a wuraren waldarsu, a Jos kuma cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan ta daɗe tana ƙerawa tana rabawa.

Amma iyakarsa bakin ƙofa. Tsawonsa ya doshi mita 2, ba ya juyawa a lungu, ba ya shiga tsakanin kantocin laburare, ba ya matsawa jikin tebur, balle banɗaki. Wanda ke da keke kaɗai, idan ya iso gini sai ya sauka ya ja jiki, ko a ɗauke shi. Shi ya sa keken nan rabin amsa ne: yana buƙatar abokin tafiya, sanduna a ɗaure a gefensa ko kujera da ke jira a ciki.

In za a ba mai walda aiki, a tsaya a kansa kan abubuwa kaɗan. Tsakiyar feda kada ta wuce tsayin kafaɗa, ƙasa kaɗan ya fi, domin murzawa da hannu a sama ita ke cinye kafaɗa. Idan feda ta yi nisa mafi tsawo, gwiwar hannu ta rage ɗan lanƙwasa, bayan mutum na jingine. In sai ya miƙa jiki gaba kafin ya kai, a matso da wurin zama. Da yawa kan bar fedodin a saɓe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda suke a keken ƙafa. Tunda fedar a jikin kan keken take, wannan na sa tayar gaba ta riƙa kaɗawa hagu da dama a kowane zagaye. A sa ya daidaita su su riƙa tafiya tare. A kuma san halinsa biyu: a hawan tudu tayar gaba kan zame don nauyi ya koma baya, a kwana kuma idan da gudu yana kifewa. Birki ya zama wanda za a iya kullewa, saboda lokacin hawa da sauka ne aka fi faɗuwa.

Wurin zamansa yawanci katako ne da siririn soso. Ga mai shan inna wannan gajiya ce kawai. Ga wanda ba ya ji a mazaunai, haɗari ne, kuma hawa da sauka sau takwas a rana na goge fata.

Kujera mai taya, da bambancin da ke cikinta

A nan aka fi yin asara. Kujerar da aka fi rabawa a bukukuwan tallafi, mai naɗewa, mai shimfiɗar leda, an yi ta ne don ma'aikaci ya tura majiyyaci a barandar asibiti. Nauyinta kan kai kilo 15 zuwa 20. Faɗin wurin zama yawanci santimita 46 ne ko wane ne zai zauna, don haka siririn ɗalibi sai ya zame gefe guda, baya ya karkace. Ledar na lotsawa cikin 'yan watanni, gwiwoyi su haɗe, ƙugu ya zurma. Ƙananan tayoyin gaba sirara ne, suna nutsewa a yashi. Gatarin manyan tayoyi kuma, wato ƙarfen da suke juyawa a kansa, yana can baya, sai mutum ya miƙa hannu baya kafin ya kamo, nauyi ya taru a ƙananan tayoyi, turawa ta yi wuya. Kyauta ce, a karɓa a yi godiya, a ajiye ta don wanka ko zaman ɗaki. Ba ita ce kujerar shekara huɗu ba.

Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da kujeru a ƙasashe masu ƙarancin hali, kuma jigonsu shi ne kujera kamar takalmi take: a auna, a gwada, a koyar da amfani, a riƙa bibiya. Akwai samfuran da aka tsara don hanyoyi irin namu, kamar RoughRider ta Whirlwind da ke Amurka da kujera mai taya uku ta ƙungiyar Motivation ta Ingila. Dukansu suna da doguwar ƙafa gaba don kada su tuntsura, da faffaɗar tayar gaba ta roba.

Ga yadda ake awon. A zaunar da ɗalibin a kan benci mai tauri, ba katifa ba, da takalmin da ya saba sawa. A kafa littafi mai kauri a kowane gefen ƙugu a auna tsakaninsu da tef ɗin tela. Faɗin kujera ya yi kusa da wannan, yadda tafin hannu zai shige gefe da ƙyar ba tare da matsi ba. A auna daga bayan mazaunai zuwa bayan gwiwa a cire santimita 3 zuwa 5. In wurin zama ya fi haka tsawo, bakinsa zai danne bayan gwiwa, mutum ya zame gaba ya zauna a kan ƙashin wutsiya, inda gyambo ya fi son fita. Daga bayan gwiwa zuwa dunduniya shi ke ba da tsayin matakin ƙafa, cinya ta kwanta gaba ɗayanta a kan kushin, matakin kuma ya bar ƙasa da aƙalla santimita 5. Majingina, ga mai ƙarfin gangar jiki, ta tsaya ƙasa da allon kafaɗa don hannu ya sake.

Sai gatari, wanda shi ne sirrin sauƙin turawa. Idan mutum ya zauna daidai ya saki hannuwansa, kan yatsansa na tsakiya ya kai cibiyar taya. Idan ya ɗora hannu a saman zoben turawa, gwiwar hannu ta yi digiri 100 zuwa 120. Matso da gatari gaba na sa kujera ta yi sauƙi, amma yana sa ta saurin faɗawa baya, don haka sabon shiga ya fara da 'yan ƙafafun tsaro na baya, kuma kada ya rataya jakar littattafai a majingina. Ƙarƙashin wurin zama ko cinya ya fi. Turawa kuma dogon bugu ne a natse, hannu ya saki zoben ya dawo ta ƙasansa, ba gajerun bugu da sauri ba. Taya mai ƙarancin iska na ƙara wa kafaɗa aiki a kowane bugu, don haka ƙaramin famfo na cikin kayan karatu.

Wani abu da kan ba mutane mamaki a kasuwa: taya mai lamba 24 ta yawancin kujeru ba girmanta ɗaya da 24 ta keke ba, ba za ta hau ba. Kafin a saya, a tambayi ko tayar da tif ɗinta irin na keke ne da ake samu a gari. Kujera mai batir kuwa, ga nauyi, ga matsalar wutar caji, ga rashin mai gyara. Sai dai ga wanda hannuwansa ma ba su da ƙarfin turawa.

Ga wanda ba ya ji, kushin ya fi kujerar kanta muhimmanci. Soson katifa na kasuwa na lotsewa har ƙashi ya taɓa ƙasa. Na gaskiya yana da gindi mai tauri da aka rarake wa gurbi a ƙarƙashin ƙasusuwan zama, da laushi a sama, da riga mai hana ruwa shiga. Gwajinsa da hannu ake yi: mai dubawa ya sa yatsu ƙarƙashin ƙashin zama. In suna motsi sama da ƙasa, lafiya. In ba sa motsi amma suna zarewa da sauƙi, a sa ido. In sun matse, kushin bai yi ba. Duk minti 15 zuwa 30 a sunkuya gaba, ƙirji wajen gwiwa, ko a karkata gefe, na kusan minti biyu, ko a tsakiyar jarrabawa ne. Ɗaga jiki da hannu na 'yan daƙiƙoƙi ba ya isar jini ya dawo, kafaɗa kawai yake wahalarwa. Safe da dare a duba fata da madubi. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, abin nema shi ne wurin da ya fi duhu, ko ya yi zafi, ko tauri. In bai washe cikin minti 30 ba, an daina zama a kansa ke nan sai ma'aikacin lafiya ya gani.

A je a auna makarantar

Kujera ta fi kowa amfani a cikin gini, muddin ginin ya yarda. Kafin a kashe ko sisi, a ɗauki tef a bi hanyar ɗalibin ta wuni guda. Ƙofa na son faɗin santimita 80 zuwa 90, ta banɗaki ita ce ta fi cin amana. Juyawa na son fili mai faɗin santimita 150. Ƙarƙashin tebur na son santimita 70 don gwiwa ta shige. A manyan ɗakunan lacca masu benci a kafe, ƙaramin allo da ake ɗorawa a cinya ya fi wuni a karkace ana rubutu a gefe. Gangaren hawa kuma ƙa'idarsa 1 cikin 12: matakala uku masu santimita 15 kowace na buƙatar gangare mai tsawon mita 5.4. Siminti da aka zuba a kan matakala ya yi tsaye kamar na shigar da babur shago ba gangare ba ne, tarko ne.

Banɗaki na tsuguno na sa ɗalibai da yawa su rage shan ruwa don kauce masa, abin da ke jawo ciwon mafitsara, musamman ga masu raunin laka. Kujerar roba mai ƙarfi da aka huda, da ƙarfen riƙewa a bango, na magance wannan da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma gajiyar da ba ta tsoka ba: kullum sai ka jira abokai huɗu su ɗaga ka zuwa bene, kana lissafin wa ka roƙa jiya. Wannan na cin hankalin da ya kamata ya tafi ga karatu. Maganinsa takarda ce zuwa ga shugaban sashe da ofishin kula da harkokin ɗalibai tun kafin a fitar da jadawali, a nemi ɗakin kwana a ƙasa kusa da banɗaki, a sauko da laccar ƙasa. Ba alfarma ake roƙo ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024, ta kuma tanadi, kan laifin nuna wariya, tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum.

To, wanne ga wa?

Mai shan inna da ke iya tsayawa da 'yar tafiya, a babbar makaranta: keke mai ƙafa uku don hanya, sanduna don cikin gini. Wannan haɗin ya fi kowanne dacewa da yanayinmu, ya fi sauƙin gyara. Idan ƙafafun biyu ba sa ɗaukar nauyi sam, kujerar da aka auna ita ce ta farko, keke ya biyo baya in hali ya yi. Mai raunin laka: kujera da kushin na gaskiya, babu ciniki, in nisa ya yi yawa a nemi ɗaki kusa, kada a koma kan katakon keke. Mai sikila da kan ƙashin cinyarsa ya lalace kan fara da sanduna don rage wa ƙugu nauyi, amma cutar na taɓa ƙashin kafaɗa ma, don haka da zarar kafaɗa ta fara ciwo a koma wurin likita. Wanda karatunsa gaba ɗaya a gini ɗaya yake, kusa da ɗakin kwana, sanduna kaɗai na iya isarsa, matuƙar yana isa aji da sauran ƙarfin rubutu.

Iyaye kan ji nauyin ganin ɗansu a kujera, suna ganin kamar an sallama. Alamomin da za a duba ba a zuciya suke ba, a jiki suke: ciwon kafaɗa da ke tashin mutum cikin dare, yatsu uku na farko suna dindiris da asuba, faɗuwa fiye da sau ɗaya a wata, ko fashin laccar yamma saboda gajiyar safe. Ɗaya daga cikinsu ya isa a sake awo. A nemi ma'aikacin okufeshonal terafi ko likitan fisiyo mai rajista a asibitin koyarwa mafi kusa, a tafi masa da awon ƙofofi da hotunan hanyar a waya, in da hali a ari irin abin da ake son saya a yi kwana biyu ana bin jadawalin lacca da shi kafin a biya.